Ruwan da ya fi jini zafi: nazarin lamarin wani mai wankin ƙoda a Yamai

Wannan rubutu ya bi lamarin mutum ɗaya ne, ɗan kasuwar albasa daga jihar Tahoua mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda ake yi wa wankin ƙoda a wani sashen wanki a Yamai. Ba zan ambaci sunansa ba, zan dai kira shi Alhaji, ba kuma zan ambaci asibitin ba. Sana'ata gyaran na'urorin asibiti, don haka ruwa da bututu da ƙarfe su ne ɓangarena. Abin da ya shafi magani da jikin majinyaci daga bakin likita da ma'aikatan jinya na ɗauko shi.

Kafin Yamai: har zuwa Nuwamban 2023

Alhaji ya shafe shekaru da sanin yana da hawan jini. Yakan sha magani idan kai ya dame shi, ya bari idan ya ji sauƙi. Harkarsa tsakanin Galmi da Konni da manyan motoci take, ciwon baya kuwa ba ya rabuwa da shi, saboda haka ƙwayoyin kashe ciwo na masu talla, irin su diklofenak, sun zama abokan tafiyarsa. Hawan jinin da ba a riƙe ba da irin waɗannan ƙwayoyi duka biyun suna cin ƙoda sannu a hankali, kuma ƙoda ba ta yin ƙara sai ta kusa ƙarewa.

Bayan daminar 2023 ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa, amai ya zama na kowace safiya. Gwajin jini a Tahoua ya nuna dattin da ƙoda ke fitarwa ya taru sosai, hoto kuma ya nuna ƙodojin biyu sun ƙanƙance. Aka turo shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 550 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. A Nuwamba aka sa masa katetar, wato bututun roba, a jijiyar wuya aka fara wanki. Ya sauka gidan wani ɗan ƙaninsa, kasuwa kuma ta koma hannun babban ɗansa.

Watannin ɗari: Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024

Ka'idar wankin ƙoda sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Gurbin da aka samar wa Alhaji sau biyu ne, domin majinyata sun fi gadaje yawa. A Disamba aka yi masa fistil a hannun hagu, wato aka haɗa jijiyar da ke kawo jini da mai mayar da shi don a riƙa samun wurin sa allura, dabarar da likitoci Brescia da Cimino suka fito da ita a 1966. A Fabrairu fistil ta nuna, wato ta isa a sa mata allura, aka cire katetar. Likita ya tsayar masa da kilo 68 a matsayin nauyin da ya kamata ya sauka da shi daga gado bayan an janye rarar ruwa. Tansiyonsa, awon hawan jininsa ke nan, kan fara da 16/9 kamar yadda muke faɗa a nan, wato 160/90, ta ƙare wajen 13/8. Yana cika awanninsa huɗu, ya hau babur ya koma gida.

Dole mai karatu ya san hanyar ruwa kafin ya fahimci abin da ya biyo baya. A cikin matatar da ake kira ƙodar roba, jini na bi ta ƙananan zarurruka, ruwan wanki na gudana ta bayansu, tsakaninsu fata ce siririya ƙwarai. Na'ura na tura rabin lita na ruwan wanki a minti ɗaya, lita 120 ke nan a zama guda. Mai lafiya da ya sha ruwan famfo, hanjinsa da hantarsa da ƙodarsa na tsaye masa. Mai wanki ba shi da wannan kariya. Shi ya sa ruwan ke bi ta matatar yashi, da mai cire sinadarin da ke sa ruwa tauri, da gawayi mai kama kulorin, sannan na'urar osmoz wadda ke matsa shi ta cikin fata da ƙarfin famfo. Tsofaffin na'urorin osmoz na zubar da kusan rabin abin da suka sha. Wanda ya san abin da ya faru a garin Caruaru na Barazil a 1996, inda gubar gansakukar ruwa ta ratsa sashen wanki ta kashe majinyata fiye da 50, ba ya wasa da ɗakin ruwa.

Ruwan sashen nan daga famfon gari yake, wanda ake ɗebowa daga kogin Kwara. Saboda ɗaukewar famfo, ana tara shi a manyan tankunan roba baƙaƙe biyu a kan rufin siminti. Daga can bututu ke saukowa ta jikin bangon yamma zuwa ɗakin osmoz. A watannin ɗari babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi tankunan nan.

Maris 2024: tansiyo ta fara faɗuwa

A farkon Maris aka sauya jadawali, Alhaji ya koma zaman rana, wanda ke farawa bayan azahar. Mako na biyu azumi ya kama, zafi kuma ya shigo da ƙarfinsa. Tun daga nan zamansa ya canja kama. Awa ta farko lafiya. Cikin ta biyu sai ya fara hamma, zufa ta keto masa, ƙafa ta ɗaure. Tansiyo ta sauko 9/5, wani lokaci ƙasa da haka. Ma'aikaciyar jinya ta kwantar da kan gadon, ta ɗaga ƙafafu, ta tsayar da janye ruwa, ta buɗe ledar ruwan gishiri. Wata rana yana riƙe da hannunta ya ce mata, da harshensa na Adar: "Ɗiyata, jikina zahi ya kai, kamar daga ciki aka hura wuta." Ta ce: "Sannu Baba, garin ne duka haka," ta juya masa fanka.

Zaman da ya kamata ya kai awa huɗu ya koma biyu da rabi ko uku. Yana sauka da kilo 70, ya dawo bayan kwana uku ko huɗu da 73 ko 74. Ƙarshen wata aka kawo shi da dare numfashi na sarƙewa, ruwa ya hau huhu, aka yi masa wankin gaggawa.

Ƙarshen Maris: abin da aka gwada a kan majinyaci da na'ura

An fara da zargin azumi. Likita ya riga ya hana shi, amma an san dattawa da yawa kan ɓoye su ɗauka. Aka kira ɗan ƙanin nasa, ya tabbatar Alhaji na cin abinci, yana ciyarwa a madadin azumin. Aka ce ya daina shan maganin hawan jini a safiyar ranar wanki. Hakan ya ɗaga tansiyon farawa zuwa 18/10, faɗuwar kuma ba ta fasa ba. Aka hana shi cin abinci a kan gado, domin narkar da abinci na janye jini zuwa ciki. Aka ɗaga nauyin saukarsa zuwa kilo 69, ko ya yi ƙiba ne ba a lura ba. Aka duba zuciya: ta yi kauri irin na mai daɗaɗɗen hawan jini, amma tana bugu yadda ya kamata. Aka ƙara masa jini leda ɗaya.

Akwai lissafin da likita ya yi wanda ya dace a ajiye. Janye lita huɗu a awa huɗu daga mutum mai kilo 68 ya kai kusan mililita 15 ga kowane kilo a awa, alhali likitocin ƙoda na ɗaukar 13 a matsayin iyakar da haɗari ke ƙaruwa idan aka haura ta. Mai zuwa sau biyu a mako kusan kullum a bakin wannan iyaka yake. An ja masa kunne kan gishiri da dunƙulen miya da yawan shan ruwa, ya kuma yi ƙoƙari, a garin da inuwa kanta ke haura digiri 40.

Daga nan aka juyo kan na'ura, aka kira mu. Ƙorafin da aka rubuta shi ne tana yawan kuka da rana, alamar zafin ruwan wanki na kunnuwa. Muka gwada ma'aunin zafin da ke cikinta da sassafe, muka same shi daidai. Duk da haka aka yi odar sabo. Kaya a lokacin ba sa zuwa da wuri: tun takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kuma ko bayan da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, manyan motoci ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa. Kafin ya iso aka mayar da Alhaji kan wata na'ura. A zama na biyu a kanta tansiyo ta sake faɗuwa, ita ma ta yi irin kukan waccan. Rahoton watan da aka aika wa hukumar asibiti ya ƙare da cewa na'urori sun tsufa, ana buƙatar sababbi.

Farkon Afrilu: littafi da ma'aunin zafi

A kwanakin ne zafin da ya addabi Sahel ya kai ƙololuwa. A Kayes ta Mali an auna digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Majo, shugabar ma'aikatan jinya, ita ta fara faɗin abin da ya buɗe hanya. Ta ce ba Alhaji kaɗai ba ne, ledojin ruwan gishiri na zaman rana sun fi na safe saurin ƙarewa, kuma ba ta tuna ranar da na'ura ta yi kukan zafi kafin hantsi ba. Takardar da ake cikewa ga kowane majinyaci na da gurbin tansiyo da bugun zuciya da gudun jini da yawan ruwan da aka janye. Ba ta da gurbin zafin ruwan wanki, ba ta da na yawan kukan na'ura. Abin da ba shi da gurbi kuwa ba ya shiga rahoto.

Muka yanke a daina gyara komai na mako guda, a zauna a duba. Aka sayi littafin ɗalibai da ma'aunin zafi na hannu. Duk awa ana auna ruwa a wuri huɗu: cikin tanki, ƙasan bututun bangon yamma, bayan osmoz, da bakin na'urar Alhaji. A gefe ana rubuta abin da allon na'ura ke nunawa, da tansiyonsa, da lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ko ya dawo.

Da asuba ruwan tanki na wajen digiri 30. Ƙarfe biyu na rana ya kai 36. A ƙasan bututun bango 38, domin bututun na shan rana tun azahar, ba ka iya daɗe da hannu a kansa. Famfon osmoz da zagayen da ruwan ke yi a cikin sashen na ƙara masa wajen digiri ɗaya. A bakin na'ura muka riƙa samun 38 zuwa 39. An saita ta a 36, allonta na nuna 38 da wani abu.

Na'urar wankin ƙoda tana da abin ɗumama ruwa, ba ta da abin sanyaya shi. Littafin da ya zo da namu ya ce ruwan da zai shiga ya kasance tsakanin digiri 5 da 30. Ruwa mai sanyi take jira ta ɗaga shi zuwa zafin jiki. Idan ya shigo da zafin da ya wuce wanda aka saita, iyakarta ta kashe abin ɗumamawa ta miƙa shi yadda ya zo. Idan ya haura iyakar da aka sa mata, sai ta yi kuka ta kauce da ruwan daga matata don kare jini, tunda ruwa mai tsananin zafi na fasa ƙwayoyinsa. Muddin tana cikin wannan hali, jini na zagayawa amma ba a wanke shi.

Jiki kuma ga abin da ke faruwa da shi. Yayin da ake janye ruwa, jijiyoyin fata kan matse don a riƙe tansiyo. Jinin da ke dawowa daga matata da ɗumi na ɗaga zafin cikin jiki, jiki kuma ya buɗe jijiyoyin fata don ya fitar da zafin. Buɗewar nan a daidai lokacin da ruwan jini ya ragu ita ke kayar da tansiyo. Shi ya sa ɗaya daga cikin matakan da aka sani ga mai yawan faɗuwar tansiyo shi ne a rage zafin ruwan wanki zuwa 35.5 ko 36. Likita ya ba da wannan umarni tun tsakiyar Maris, ma'aikatan jinya sun danna shi a kan allo, na'ura ba ta da halin cikawa.

Littafin ya nuna wani abu da ba mu zata ba. Mafi munin lokaci shi ne mintunan da ke bin dawowar wuta. Batirin na'ura na riƙe famfon jini na ɗan lokaci, amma osmoz na tsayawa cak har sai gurup, wato janareta, ya ɗauka. Ruwan da ya tsaya cikin bututun bango na gasuwa, wuta na dawowa ya kwararo gaba ɗaya, mun auna shi 42. Nan take na'urori ke ɗaukar kuka a jere. Mun kuma ga gishirin da ke tsallake fatar osmoz na ƙaruwa da rana, wanda haka fatar take idan ruwa ya yi ɗumi. Ga kuma fargabar ƙwayoyin cuta: bayan gawayi babu sauran kulorin a ruwan, ɗumi kuwa shi suke so, alhali ƙa'idar duniya ta ce kada su kai 100 a mililita ɗaya.

Tsakiyar Afrilu: gyare-gyaren da ba su riƙe ba

Ƙanƙara aka fara kawowa. Ana sayen sanduna a kasuwa, a ƙulle su cikin leda, a jefa tanki. Zafin kan sauka kaɗan na rabin awa ya koma. Lissafi ya nuna dalili. Na'ura goma na buƙatar lita biyar na tsarkakken ruwa a minti, osmoz na shan wajen goma don ta ba da biyar. Sauke lita goma da digiri goma a kowane minti na cin kusan kilo ɗaya na ƙanƙara, fiye da kilo 200 ke nan a zama guda, a watan da ƙanƙara ke tsada a Yamai kamar me. Ga leda na fashewa, ba a kuma san ruwan da aka daskarar ba. Aka daina.

Sai aka lulluɓe tankunan da buhunan algarara, aka ja ruwan da osmoz ke zubarwa yana ɗiga a kansu, don iska ta busar ta ɗebe zafi yadda take yi wa randa. Iskar Afrilu busasshiya ce, abin ya rage digiri biyu zuwa uku. Amma roba ba ta saurin miƙa zafi, buhunan kuma suka kama gishiri da gansakuka, da iskar damina ta fara kawo laima a ƙarshen Mayu kuwa amfanin ya ragu sosai.

An kuma aro na'urar sanyaya ruwa daga wani mai sana'ar sanyi, aka haɗa ta gabanin osmoz ta yadda ruwanta ba ya gauraya da namu. Ta yi aiki ƙwarai, ruwa ya sauko 27, a ranar Alhaji ya cika awa huɗu. Da kuran ya ɗauke sai gurup ya kasa ɗaukarta tare da osmoz da na'urori da kilim mai sanyaya ɗaki. Wato a lokacin da aka fi buƙatarta ne ake kashe ta. Bayan kwanaki mai ita ya karɓi kayansa.

Ƙarshen Afrilu zuwa Yuni: abin da ya riƙe

Mataki mafi sauri shi ne mayar da Alhaji zaman asuba, tare da sauran waɗanda majo ta ga sun fi faɗuwa. Tun zaman farko na'ura ta tsaya a 36 kamar yadda aka saita, tansiyo ba ta sauka ƙasa da 11/7 ba. Cikin mako uku ya koma kilo 68, ya daina kwana a zaune. Sai dai gadon asuba da ya samu wani aka tayar a kai, aka mayar da shi rana, saboda haka aikin ruwa bai ƙare ba.

Aka yi wa tankunan rumfar zana mai tsayi wadda iska ke ratsawa, aka shafe su da farin fenti. Bututun bangon yamma aka cire shi, aka bi da sabo ta cikin gini, ɗan abin da ya rage a waje aka naɗe shi da soso mai hana zafi. A bayan sashen akwai tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta siminti a ƙarƙashin ƙasa da aka daina amfani da ita. Aka kwashe ta, aka liƙe tsagoginta, aka wanke da kulorin, aka riƙa cika ta da dare, da rana kuma osmoz na sha daga gare ta ta hanyar duk matatun farko. Ƙasa a zurfi na zama kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin, wanda a Yamai yake dab da digiri 30. Ruwanta bai yi sanyi ba, amma bai bin rana sama. A bakin na'ura da ƙarfe biyu muka koma samun 31 zuwa 32. Ya ɗan haura abin da littafi ya ce, amma ya isa na'ura ta riƙe 36.

Aka ƙara dokoki biyu. Bayan kowace ɗaukewar wuta ana zubar da ruwan farko har sai ma'auni ya nuna ya sauka. Takardar majinyaci kuma aka ja mata layi da biro, aka buɗe gurbin zafin da allo ke nunawa, ana cikewa duk awa tare da tansiyo.

Damina da bazarar 2025

Damina ta zo da nata. Idan rafukan Sirba da Dargol da Gorouol suka cika, kogi kan yi ja, kuma a watannin matatun farko sun riƙa toshewa da wuri, sai da aka ƙara yawan wanke su. Zafi dai ya daina zama matsala har ɗari ya wuce.

A Maris na 2025 Alhaji na zaman tsakiya, mai farawa da hantsi. Tansiyonsa ta faɗi a wasu zaman, galibi ranakun da ya zo da fiye da kilo huɗu a kansa ko wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Ba a sake kawo shi da dare ba, fistil ɗinsa na aiki. A ranakun da suka fi tsanani na Afrilu ruwa ya taɓa 34 a bakin na'ura, aka jinkirta zaman rana zuwa bayan la'asar. Har yanzu sau biyu yake samu a mako, har yanzu a gidan ɗan ƙaninsa yake, Tahoua kuwa sai dai ya je tsakanin wanki da wanki ya juyo.

Hukunci: buƙatun da lamarin ya tono

A ganina wata guda aka yi ana dukan taiki an bar jaki, kuma ba don sakaci ba. Duk matakin da likita ya ɗauka shi ne wanda littafi ya tanada, kuma yawan ruwan da ake janyewa gaskiya ne yana da hannu. Abin da ya ɓace shi ne cewa littafin da na'urar duka an yi su ne bisa zaton ruwan famfo mai sanyi ne. Willem Kolff ya ƙera na'urar farko mai aiki a Holan a 1943, manyan kamfanonin da suka gaje shi na Jamus ne da Japan da Amurka da Suwidin. A can ɗumama ruwa ake buƙata. Iyakar digiri 30 na nan rubuce a shafi, amma ba a taɓa sa ta cikin sharuɗɗan sayen na'ura ko na gina sashe a inda na yi aiki ba.

Da an biya buƙatar da rahoton Maris ya rubuta, da sababbin na'urori sun iso sun yi kuka iri ɗaya da ƙarfe biyun rana. Wannan ne ya sa nake ganin hikimar tsarin da ake koyarwa a shirin Biodesign na jami'ar Stanford, wanda likitan zuciya Paul Yock ya jagoranci kafawa: mai son ƙera na'ura ya fara zama a ɗakin majinyata yana kallo, sannan ya rubuta buƙata a jimla ɗaya mai faɗin matsala da mutanen da ta shafa da sakamakon da ake so, ba tare da ya cusa maganin a ciki ba. Tamu ta farko ga ta: ana neman hanyar riƙe ruwan wanki a zafin da likita ya zaɓa, ga masu wanki a wuraren da ruwa ke haura digiri 30 kuma wuta ke yankewa, don su cika lokacinsu ba tare da faɗuwar tansiyo ba. Jimlar ba ta ce na'urar sanyi ba, ba ta ce rami ba. Ta bar ƙofa ga mai dabarar da ba mu tuna ba.

Ta biyu ƙarama ce, amma ita ta fi ci mini rai. Na'ura ta san an saita ta a 36 tana ba da 38, ta kuma san mintuna nawa ta kauce da ruwa, amma ba ta gaya wa kowa da bayanin da zai sa a duba tanki. Kuka ɗaya take yi wa matsaloli da yawa, ma'aikaciya ɗaya mai kula da gadaje da yawa kuwa dole ta danna ta wuce. Ana buƙatar abin da zai auna zafin ruwa tun daga shigowarsa, ya yi gargaɗi kafin a sa wa mutum allura, ya kuma faɗa a ƙarshen zama mintuna nawa aka yi wanki na gaske.

Ta uku ita ce babba: rage dogaro da ɗaruruwan litoci da wutar da ba ta yankewa, domin shi ne abin da ya raba Alhaji da garinsa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa a 2010 mutum aƙalla miliyan 2.3 na iya kasancewa sun mutu saboda rashin samun wanki ko dashen ƙoda, kuma a Afirka waɗanda suka samu ba su wuce kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari na masu buƙata ba. Dabaru na nan. Tun shekarun 1970 na'urar REDY ke sake tace ruwan wanki da sinadarai masu kama datti, lita shida ta ishe ta. A 2016 injiniya Vincent Garvey ya ci gasar wanki mai rahusa da cibiyar George ta Ostareliya da ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya suka shirya, da tsarin da ke tsarkake ruwa da wutar rana don wankin ciki, wato wanda ake zuba ruwan wanki a cikin tumbin majinyaci maimakon a bi da jini ta na'ura. Duk wadda za a kawo nan, sai an tambayi yadda take a ɗakin da ya kai digiri 40 da ruwan da ya kai 38.

Buƙata ta farko ba sai an jira waje ba. Sanyin da sashe mai na'ura goma ke nema wajen kilowat bakwai ne, abin da manyan kilim biyu na ɗaki ke bayarwa, kuma ana nemansa ne daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, wato lokacin da faifan sola ya fi ba da wuta. Jami'ar Yamai na ɗauke da sunan Abdou Moumouni Dioffo, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Ga makarantar injiniyoyi ta EMIG, ga jami'ar Tahoua. Ɗalibin da zai ɗauki aikin nan ya san sharuɗɗansa: ruwa ya isa osmoz ƙasa da digiri 30 daga hantsi zuwa la'asar a Afrilu da Mayu, kada abin ya rataya a kan gurup, kada ya taɓa tsarkakken ruwa, kuma mai gyaran firigo na unguwa ya iya buɗe shi ya samu kayan gyaransa a kasuwar Katako.